Injiniyan Da Ya Ƙi Bin Layi

Akwai wani injiniya, matashi mai ƙarfi, da ya shiga ƙungiyar masu tafiyar nesa a kan keke. Su bakwai ne suka shirya ratsa hamada cikin kwana biyar. Motar da ke ɗauke da kayansu kan wuce gaba ta jira su a zango, su kuma su biyo kwalta da ƙafarsu.

Kawunsa ne ya kawo shi ƙungiyar. Dattijo ne da ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a kan keke kafin ya yi ritaya, kowa kuma Kawu yake ce masa. Shekara guda ya yi yana atisaye don wannan tafiyar, domin ya ce ita ce ta ƙarshe kafin gwiwoyinsa su ƙi.

Dokar tafiyar ɗaya ce. A jera layi, mutum ɗaya a gaba yana tare iska, sauran suna fakewa a bayansa. Bayan minti goma na gaba ya koma baya ya huta, mai bi masa ya karɓa.

Tun ranar farko Injiniya ya fara tsaki. Kekensa sabo ne, mara nauyi, ga na'ura a kai tana nuna masa gudu. Duk lokacin da ya duba ta sai ransa ya ɓaci.

"Wai tafiya muke ko rakiyar amarya?" in ji shi.

Wani mai walda da ke bayansa ya ce, "Amaryar ma kai ne, irin wannan kwalliyar keke."

Aka yi dariya, ban da shi.

Rana ta uku iska ta juyo musu gaba da gaba. Kana taka feda da dukan ƙarfinka, keken kamar an ɗaure shi da igiya. Rairayi yana shiga ido, yana shiga haƙora, sarƙa tana ƙara. Sau biyu tayar wani tela ta yi faci, sau biyu aka tsaya ana jiransa cikin rana.

A tsayawa ta biyu Injiniya ya kasa haƙuri.

"Kawu, wallahi na gaji. Kilomita sittin ya rage, da ni kaɗai ne da tuni ina zango. Ni ba zan ƙare ƙarfina wajen jan tsofaffi da masu ruɓaɓɓun tayoyi ba."

Tela ya sunkuyar da kai yana buga famfo. Kawu ya ce, "Ɗana, iskar nan ba ta mutum ɗaya ba ce. Ka zauna a layi."

"Wannan tunanin zamanin raba wasiƙa ne, Kawu. Sai mun haɗu."

Ya hau ya tafi. Kawu ya kira shi sau biyu, iska ta kwashe muryar.

Awa ta farko ya ji daɗi. Ya waiwaya bai ga kowa ba, ya yi murmushi. Amma yanzu babu bayan da zai fake, babu minti goma na hutu. Ya sauke giyar keken don feda ta yi sauƙi, ya sake saukewa, har ta ƙare. Gorar ruwansa ta farko ta tafi, ta biyu ta bi ta. Ya ciro waya don ya kira direban motar, babu sabis ko ɗigo.

Daga nan cinyoyinsa suka ɗaure. Ya sauka yana tura keken, ya kasa, ya zauna a gefen kwalta ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ko inuwar sanda babu. Harshensa ya bushe, kansa na juyawa, ga saura kilomita ashirin da biyar.

Haka suka same shi, su shida a jere, a hankali kamar yadda ya bar su.

Mai walda ya fara magana. "A'a, ranka ya daɗe, nan ne zangon?"

Kawu ya ce, "Ya isa." Ya durƙusa ya ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ya jiƙa rawaninsa ya ɗora masa a wuya, ya shiga murza masa cinya. Tela ya miƙo ragowar gorarsa.

Da Injiniya ya iya tsayawa, Kawu ya ce, "Ku sa shi a tsakiya. Ba zai karɓi gaba ba yau."

Mai walda ya ce, "To wa zai yi nasa? Kowa nan a gajiye yake, Kawu. Shi ya zage mu, mu kuma mu ja shi?"

"Ni na kawo shi. Ni zan yi."

Haka aka yi. Duk zagaye Kawu ya yi minti ashirin a gaba maimakon goma. Injiniya yana tsakiya, yana kallon bayan dattijon ya tanƙware, rigarsa ta yi fari da gishirin gumi, ƙafarsa ta hagu tana karkacewa a kan feda. Sau ɗaya ya ce, "Kawu, bari in karɓa." Kawu bai ko waiwayo ba.

Sun isa zango gab da faɗuwar rana. Da Kawu ya sa ƙafa a ƙasa sai ta ƙi ɗaukarsa. Mutum biyu suka riƙe shi.

Da safe gwiwar ta kumbura ta yi suntum. Ya gwada hawa keken sau uku, ya kasa. Direba ya ɗaga tsohon keken ya ɗaure a saman mota. Kawu ya tsaya yana kallon yadda ake ɗaure shi.

Injiniya ya zo ya tsuguna a gabansa. "Kawu, ka yafe mini. Ni ma na fasa, zan shiga motar."

"Ba ka isa ba," in ji Kawu, a karon farko da zafi a muryarsa. "Ka rage musu mutum ɗaya, kana so ka rage biyu? Hau ka ja su."

Kwana biyun da suka rage Injiniya ya yi nasa ya yi na Kawu, ba tsaki ko ɗaya. Da tayar Tela ta sake sacewa, shi ya riga kowa sauka.

Sun gama tafiyar su shida. A ƙarshen hanya aka jera kekuna don ɗaukar hoto, Kawu yana tsaye a gefe da sanda yana tafa musu. Mai hoton ya yi ta cewa Injiniya ya ɗago kai, amma ya kasa.

Kawu bai sake yin tafiyar nesa ba.

Darasi: Girman kai ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba. Sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka shi yake ɗaukar wahalar taurin kanka, kuma neman gafara ba ya dawo masa da abin da ya rasa. Kafin ka raina waɗanda kuke tafiya tare, ka tuna a bayansu kake hutawa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman mai ganin shi kaɗai ya isa.