Tsani a Jikin Rumbun Sarki

An yi wani sarki a wata ƙasar manoma, wanda Allah ya hore masa adalci, amma bai hore masa yardar talakawansa ba. Kowace kaka Ma'ajinsa, wani dattijo mai suna Jatau, yakan tsaya a ƙofar fada ya yi shelar abin da ke rumbunan baitulmali, jama'a su ce madalla, su juya suna taɓe baki. Jatau bai taɓa cin ƙwayar geron haram ba, amma wa zai yarda? Abokan ƙuruciyarsa sun ƙaurace wa zaurensa, matarsa ta rasu, sarautar nan kaɗai ta rage masa, kuma kaɗaicin yana cinsa ƙwarai.

Wata shekara ruwa ya shiga rumbu ɗaya, hatsin ya ruɓe. Sarki ya kira shi a keɓe, ya ce: "Ma'aji, ka san al'adarmu, idan hasara ta bayyana Ma'aji ne ke sauka, ni kuwa ba na son rabuwa da kai. Nemo mini hikimar da za a yi shela babu ƙarya a ciki, babu kuma ambaton wannan rumbu."

Jatau ya san in ya sauka ko mai gaishe shi ba zai samu ba. Duk da haka ya ce: "Allah ya ja zamanin Sarki, irin wannan hikima ce ta mai da ni baƙo a garinmu. Idan Sarki ya yi izini, a ɗage jinkar kowane rumbu, a jingina tsani, duk mai so ya hau ya leƙa."

Sarki ya ce, "Za su ga ruɓaɓɓen."

"Za su gani, ranka ya daɗe, su kuma ga sauran."

Haka aka yi. Manoma da fatake, har da tsofaffin mata, kowa ya hau ya gane wa idonsa. Jatau ya warware rawanin sarauta da hannunsa, ya miƙa, ya kama hanyar gida ba mai rakiya.

A kakar da ta biyo, hatsin zakka ya iso fada ba a tura dogari ko ɗaya ba. Sarki ya aika wa Jatau da alkyabba da gona, ya kafa doka kada a sake ɗauke tsanin. Wani Ma'ajin ne ya ci moriyar yardar, shi Jatau a gonarsa ya ƙare kwanakinsa. Lalle dukiyar jama'a ba ta tsarkaka da rantsuwar mai tsaronta, sai da idon masu ita.