Furen Hajiya Gambo da Lambun Bakin Rafi

Ku matso ku yi mana shari'a, tunda ni an ce ba ni da bakin magana.

Hajiya Gambo tana da wani fure da marigayi maigidanta ya kawo mata daga Kalaba. Da ya fara yaushi, wa za a kira in ba ni ba, da duk unguwa ta san hannuna a lambu? Na dasa shi a jar ƙasa, na zuba masa kashin shanu, ina ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyahu. Butulun fure! Sai ganyensa ya yi rawaya, wasu fararen ƙwari kamar auduga suka lulluɓe shi. Hajiya ta yi kuka, ta ce duk wanda ya raya shi ta ba shi lambunta na bakin rafi, wanda na yi shekara tara ina zawarcinsa.

Barau direba ya zo ya leƙa. Ya ce a kurmi ya ga irinsa, ba ya zama a ƙasa, jikin itace yake kamawa. Ya tumɓuke dashena a gaban idona, ya ɗaure furen a gindin mangwaro da ɓawon kwakwa.

Tanimu wanzami ya ga yawancin saiwoyin sun ruɓe. Ya zaro aska ya yanke ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya, ya bar guda uku masu rai, ya shafa musu toka.

Jibo tela kuwa ya dafa ganyen darbejiya da sabulun salo. Kwana arba'in yana tsoma gashin kaza a ruwan yana share ƙwarin, har kayan sallar mutane suka makara.

Furen ya buɗe, fari tas, har da ƙamshi. Tun ranar su ukun ba sa gaisawa. Barau ya ce aski kawai Tanimu ya yi. Tanimu ya ce Jibo wanki ya yi. Jibo ya ce Barau ɗaurewa ya yi ya tafi Legas.

Na je na tuna wa Hajiya cewa ba don takina ba, da babu wanda zai sami abin cetowa. Ta dube ni ta ce, "Malam Na'Allah, ka gaida gida."

Lambu ɗaya ne, ta rantse ba za ta raba shi ba. To, tunda ni an zalunce ni, ku faɗa: tsakanin Barau da Tanimu da Jibo, wa za a miƙa wa makullin lambun nan?