Harshen Jikan Barmo

A wani zamani da ya shuɗe, tun ana kai rinannen zane na turkudi arewa bisa raƙuma, an yi wani sarki wanda bai ƙi jinin komai ba kamar ya ga wuri zaune ba ya aiki. Ran nan ya sa aka yi shela cewa duk marinar da ta yi damina uku ba a tsoma zane a cikinta ba, ta koma hannun Sarki, ya ba wanda ya ga dama. Kowa a birnin ya san inda shelar nan ta nufa, marinar gidan Barmo.

Shi Barmo da ɗiban ruwa ya fara wa marina, har Allah ya buɗa masa ya mallaki rijiyoyin rini arba'in. Fatake kan kwana bakwai a ƙofarsa suna jiran layi. Ɗansa Nomau ya gaji dukiyar, amma bai gaji hancin ubansa ba. Wai warin baban rini yana sa shi ciwon kai! Ya gina soro can nesa da marina, ya bar wa barori aikin, ya kuma hana 'ya'yansa taɓa muciya don kada hannunsu ya yi shuɗi. Barori suka riƙa rini yadda suka ga dama, zane ya fara zuba, fatake suka canza hanya. Dawakin gidan suka tafi, soro ya bi su. Kafin Nomau ya rasu babu abin da ya rage sai rijiyoyin, awaki na kiwo a bakinsu.

Jatau ɗan Nomau ne ya rage, mutum mai fara'a, yana noma 'yar gonarsa yana cin tuwonsa lafiya lau. Talauci bai dame shi ba, amma da ya ji wani attajiri mai suna Ɗankaka ya roƙi Sarki marinar, sai hankalinsa ya tashi, don ita kaɗai ce ake kira da sunan kakansa.

Aka taru a fada. Ɗankaka ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, damina tara ke nan ba a yi rini a wurin ba. A ba ni, ina da masu aiki."

Sarki ya dubi Jatau ya ce, "Kai fa, me ka ce?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa. Ni ko zare ban taɓa rinawa ba. Amma wallahi in aka kira wurin nan da sunan wani, ban san inda zan sa kaina ba."

Waziri, wani tsoho mai jan magana a hankali, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rijiya rami ce kawai, ba ta mutuwa. Sana'a ke mutuwa. A ba su kwana bakwai, su dawo mu ga wanda ya san rini a cikinsu." Sarki ya yarda.

Jatau ya nufi gidan Gwaggo Kande, ƙanwar ubansa, wadda ba ta taɓa daina rina zare a tukunya a bayan ɗakinta ba. Ya zayyana mata komai. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Yau ka tuna kana da gwaggo? To, tsoma yatsa cikin tukunyar nan ka lasa."

"In lasa, Gwaggo?"

"A'a, ka tsaya kana kallo irin na ubanka! Ido ba ya sanin baba, ɗan nan. Harshe ke sani."

Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya tofar. Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Kwana bakwai tana haɗa masa ruwa iri-iri, wannan toka ta yi yawa, wancan bai nuna ba, yana lasa tana zungurinsa da muciya in ya kuskure.

Ranar alkawari Waziri ya sa aka ajiye ƙwarya uku a gaban Sarki, kowace cike da ruwan baba. Ya ce, "Ɗaya ce kawai za ta kama zane. Ku nuna ta."

Ɗankaka ya toshe hanci da hannun riga, ya leƙa daga tsaye, ya nuna wadda ta fi duhu. Jatau kuwa ya durƙusa, ya tsoma yatsa a ta farko ya kai baki. Fadawa suka fashe da dariya, wani ya ce yunwa ce ta koro shi. Bai kula su ba. Ya ce, "Wannan ɗanye ne, a ba shi kwana biyu." Ya lasa wadda Ɗankaka ya zaɓa ya ce, "Wannan dagwalo ne, ya gama aikinsa, lami yake." Ya lasa ta ukun ya ce, "Wannan yana cizon harshe. Shi ne."

Aka tsoma farin ƙyalle a kowace, aka shanya. Biyu suka fito fari-fari kamar an wanke su da ruwan kwata, na ukun kuwa ya sha iska ya koma shuɗi mai kyau. Dariya ta ɗauke. Ɗankaka ya sulale ya koma bayan fadawa.

Sarki ya yi murna ƙwarai ya ce, "Marina taka ce, jikan Barmo, duk arba'in ɗin."

Jatau ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe, amma hannu biyu gare ni. A bar mini uku. Sauran a raba wa 'ya'yan mutanen da suka yi wa kakana aiki, suna nan cikin gari suna rini a rijiyoyin wasu. Roƙona ɗaya, a bar wa wurin sunansa."

Waziri ya ce shi bai taɓa jin rabo mai kyau kamar wannan ba. Sarki ya zartar da haka nan take, kafin kaka kuwa marina ta cika da hayaniya.

Amma ranar, da Jatau ya fito daga fada, gidan Gwaggo ya wuce kai tsaye, leɓe shuɗi, yana ta washe baki. Ta tare shi a zaure ta ce, "Nawa aka bar maka?"

Ya ce, "Uku na roƙa, Gwaggo."

Ta riƙe haɓa, ido ya cika da hawaye, ta ce, "Uku? Kai, Jatau, akwai ka da haɗama. Ubana da ɗaya ya fara. Je ka ɗebo ruwa."