Manomin da Ya So Ya Warke a Kwana Tara

Akwai wani tsohon manomi da ya zauna tare da matarsa shekara arba'in da 'yan kai. A wata bazara ƙishirwa ta dame su su biyu, ga yawan fitsari, ga kasala. Suka je asibiti, aka gwada jininsu, aka ce dukansu suna da ciwon sukari.

Malamar asibiti ta ba su ƙwayoyi, ta ce, "Baba, Mama, ku sha wannan kullum, amma shi kaɗai ba zai riƙe ku ba. Ku janye hannu daga sukari da lemon kwalba da farin burodi. Ku koma ga zogale da rama da shuwaka da wake da jar dawa. Zoɓo ma ku sha, amma ban da zaƙi. Allah ya sa wani abu a cikinsu mai taimakon jiki, sai dai aikinsa a hankali yake. Kada ku tsallake rana."

Matar ta koma gida ta yi yadda aka ce. Mijin kuwa mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ci miyar ganye kwana tara, a rana ta goma ya hau kekensa ya koma a sake gwada shi. Aka ce sukarin ya sauka, amma kaɗan.

Ya dawo yana faɗa tun daga ƙofar gida. "Kwana tara ina cin ciyawa kamar akuya! Ga damina a bakin ƙofa, yaushe zan warke in yi huɗa?"

Matar ta ce, "Maigida, geron da kake shukawa ma ba ya fid da kai a kwana tara."

Bai saurare ta ba. Ya shiga yawo. Yau yana kasuwa wurin mai magani da lasifika, wanda ya ce kwalba ɗaya ta isa. Gobe yana bayan dutse wurin mai saiwoyi. Duk wanda ya ce masa "yau-yau", shi yake bi. Ƙwayoyin asibiti ya jefa su ƙarƙashin gado. In yunwa ta kama shi a hanya, sai ya ci burodi ya kora da lemo, ya ce ai ya riga ya sha magani. Wata rana ma ya tafasa shuwaka tukunya guda ya shanye, wai ya haɗa na wata uku a zama ɗaya. Kwana biyu ya yi yana amai.

Ana cikin noman fari fartanya ta sare shi a ɗan yatsan ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa. Ya ɗaure shi da tsumma, ya ɓoye a takalmi, ya ci gaba da yawonsa, har ranar da matar ta ji wari ta ce sai ya cire. Da ta gani, ta ɗora hannu a ka. Aka kai shi asibiti, aka yanke yatsu biyu domin a ceci ƙafar.

Lokacin kaka yana zaune a gindin bango, ƙafa a naɗe, sai ga matarsa ta shigo da damin dawa a kanta, ta sauke ba ta ko haki. Ya dube ta ya ce, "Ke wane magani kika samu da ni ban samu ba?"

Ta ce, "Babu. Abin da aka faɗa mana tare ne."

Ta wanke hannu, ta zuba tuwon dawarta da miyar ganye. Sa'an nan ya ce, "Zubo mini irin naki."

Daga ranar ya ci, ya sha ƙwayoyinsa, ƙarfinsa ya dawo sannu a hankali. Amma da sanda ya ƙarasa sauran kwanakinsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: ciwon nan shi ne zunubin da ke cin mutum a ɓoye. Ganyen nan mai ɗaci Maganar Allah ce, da addu'a, da gargaɗin da ba mu so mu ji. Da yawa cikinmu irin manomin nan ne. Mun yi addu'a mako ɗaya, ba mu ga canji ba, sai mu tashi, yau wannan taro, gobe wancan mai wa'azi, muna neman wanda zai ce mana an gama a yau. A hanya kuwa muna ta lasar zaƙin da ke kashe mu. Wani sai ya yi azumin kwana uku, wai ya rufe shekarar da bai buɗe Maganar ba.

Ubangiji yakan karɓi wanda ya dawo, ko da ya makara. Amma abin da gaggawa ta yanke ba lalle ya sake tsirowa ba. Wanda ke da ciwon da ya ɓoye a takalmi, ya cire takalmin yau, tun ƙafar tana nan.