Mutumin da Ya Ceci Daddawa

'Yan'uwa, kafin mu shiga darasin yau, ku dube ni da kyau. Ku dubi wuyan nan, wanda dā maɓallin riga ba ya kama shi. Tun makon jiya miyar gidana ba daddawa. Ni, shugaban mawaƙa, wanda muryarsa take kaiwa har bakin titi, a kaɗa mini kuka da gishiri a ce miya ce! Ba a taɓa zaluntar bawan Allah a ikilisiyar nan kamar ni ba. Amma na yafe. Ku ji misali.

Akwai wani mutum, mai hankali, kyakkyawa kuma. Matarsa ta iya sarrafa kalwa ta zama daddawa. Wata rana ta ɗauko kalwar da ta rage musu, wadda daga ita sai ɗorawa ta sāke 'ya'ya baɗi. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta sāke dafawa. Sa'an nan ta juye ta da zafinta cikin kwando, ta lulluɓe da ganye da buhuna, ta kai ɗaki. Da za ta tafi biki ƙauyensu ta ce, "Maigida, don Allah kada ka buɗe. Zafin nan shi ne aikin."

Ya ce shi ba yaro ba ne.

Amma zama ya gagare shi. Ya zauna a ƙofar gida, ya tashi. Ya ɗauki fartanya, ya ajiye. Yana ta cewa a ransa, abin da aka rufe a duhu, wa ya san halin da yake ciki? In ɓera ne fa? Ya ɗaga buhu kaɗan ya leƙa. Kalwa tana nan kalwa. Ya rufe, ya sha ruwa, ya koma ya sa yatsa. Washegari ya ji wari ya fara tashi, ya taɓa ya ji yauƙi. Sai ya gode wa Allah da ya sa yana gida, ya kwashe ta duka ya shanya a rana don kada ta ruɓe.

Da matar ta dawo, ya tarye ta yana jiran yabo. Ta ɗebo daga tabarma, ta kai hanci. Abin bai zama daddawa ba, bai koma kalwa ba. Ba ya shiga miya, ba ya shukuwa. Ta ce, "Warin da ka ji, shi ne alamar ta kama. Sannu da aiki."

Ma'anar misalin nan ita ce, sarrafawa ba wankewa ba ce. Abin da aka wanke yana nan yadda yake. Abin da aka sarrafa kuwa yakan zama wani abu dabam, yana kuma da lokacin da za a rufe shi a bar shi. Haka Ubangiji yake yi da zuciyar mutum. Ɗan'uwa ya tuba jiya, yau muna ɗaga buhu mu ga ko ya sāke. Da mun ji ɗan warin tsohon halinsa, sai mu fito da shi mu shanya a bakin jama'a, wai taimako. Zafin ya fita, ya tsaya a tsakiya, ba ya nan, ba ya can. Ku bar Mai aikin ya gama aikinsa.

Na ga Maman Damaris tana harara ta daga layin mata. To, uwargida, na ji. Ni na shanya. Amma ki faɗa musu gaskiya, shanyar ta yi kyau.