Manomin Rake Mai Asuwakin Lahadi

Akwai wani mutum, manomin rake a bakin fadama. Kullum yana shan raken gonarsa, amma ba ya yin asuwaki sai ran Lahadi da safe, in zai tafi sujada a coci. Ranar kuwa yakan dirje haƙoran gaba har su yi fari fat. Sauran kwana shida sai ya kurkure baki da ruwa, shi ke nan.

Ana nan sai dasashinsa ya kumbura yana jini, haƙora biyu suka soma girgiɗi. Raken ma ya gagare shi sha. Ya tafi asibiti, likita ta duba ta ce, "Baba, in ba a tashi tsaye ba, biyun nan cire su za mu yi."

Ya ce, "'Yata, ni da ba na fashin kurkure baki?"

Ta yi dariya ta ce, "In randa ta yi santsi a ciki, kurkurewa matarka take yi?"

Ya ce, "A'a, dirzawa take yi da soso."

Ta ce, "To, bakinka ma haka ne. Ƙwayoyin cuta ƙanana ne, ido ba ya ganinsu. Ɗaya-ɗaya suke zuwa su manne a haƙori, su sha zaƙin rakenka, su hayayyafa, su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, kamar gari mai ganuwa. Ruwa ba ya ratsa shi. In sabo ne, asuwaki na rushe shi. In ya daɗe ya zama dutse, sai mu."

Ta kankare masa dutsen. Shi kuwa ya kama asuwaki safe da yamma, har lungun matauna da ba mai gani. Bayan wata uku ya koma. Likita ta taɓa haƙoran, sun tsaya daram. Ta ce, "Baba, ba abin cirewa." Nan take ya zaro rake daga jaka, ya ɓare shi da haƙoran nan biyu, yana dariya yana yabon Ubangiji.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaramin zunubi ba ya zama shi kaɗai. 'Yar ƙarya ta kira gulma, gulma ta kira ƙiyayya, su gina ganuwa a zuciya. Wankin Lahadi kaɗai ba ya isa. Abin da ya riga ya taurare, mu kai wa Yesu, babu dutsen da ya gagare shi. Sa'an nan mu riƙe addu'a da tuba kowace rana, har a lungun da ba mai gani. Garin da ake rushewa kullum, yaushe zai yi ganuwa?