Yadda Wuta Ta Zauna a Tudun Kanya

Ku gyara zama. Labarin gajere ne, kuma ba zan maimaita ba.

A unguwar Tudun Kanya wutar lantarki ba ta bi ta sama. Shekara arba'in ke nan da aka binne wayarta a ƙarƙashin ƙasa. Wayar ta tsufa, duk damina sai ta ƙone a wani wuri. In ta ƙone, injin rijiyar burtsatse ya tsaya, unguwa ta koma shan ruwan kududdufi. A wata damina yara shida aka kwantar da gudawa, biyu ba su tashi ba.

Da bazara ta zagayo, kamfanin wuta ya kawo sabuwar waya mai kaurin damtsen ƙato. Shugaban aikin ya ce wa Mai'unguwa Shekarau, "Ranka ya daɗe, kwana goma sha biyu aka ba ni. In ruwa ya sauka ba mu binne ta ba, zan ɗora ta a mota in kai wani gari."

Dole sabuwar ta kwanta kusa da tsohuwar, don nan ce hanyar da hukuma ta keɓe. Tsohuwar kuwa ba a kashe ta ba, ita ke ba asibitin haihuwa wuta. Wanda ya sare ta da diga ya gama yawo. Sai dai ba wanda ya san ta inda ta bi. Taswirar gara ta cinye. Alamomin kankare da aka jera a kan hanyar kuma mutane sun daɗe da kwashewa, don suna da faɗi, sun dace da hawa a yi alwala.

Shugaban ya dubi ƙofar gidan Mai'unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan da ka taka fa, daga ina aka ciro ta?"

Mai'unguwa ya ce, "Gadonta na yi."

Kwana biyu suka tafi a banza. Na'urar neman waya ta rikice saboda bututun ruwa da tarkacen ƙarfe da ke ƙasa. Sai ga Gwaggo Ladidi mai tuwo da sandarta. Tana budurwa ita ke kai wa leburorin farko abinci, kullum inda ramin ya kai nan take sauke kwano. Ta ce, "Ku biyo ni, ku masu hular roba." Wani ma'aikaci ya ce, "Gwaggo, na'ura ta kasa, sai ke?" Ta ce, "Na'urarka ta taɓa ɗaukar tuwon mutum talatin a ka?" Ta shiga gaba, ana zuba toka a bayanta. "Nan gindin kanya dutse ya tare su, suka karkata hagu. Nan wani Bazazzagi ya ce zai aure ni, na ce ya fara wanke ƙafa." Da guiwa mai ciwo ta taka hanyar tun daga taransifoma har burtsatse. Aka tona wuri bakwai don gwaji. Duk bakwai ɗin aka tarar da jan bulon da aka rufe wayar da shi.

A rana ta bakwai rami ya kai babban titi ya tsaya. An hana fasa kwalta, bututun da tsohuwar wayar ta bi ta ƙarƙashin titin ya rufta, injin huda ƙasa kuma sai bayan wata guda. Aka kira Mantau mai haƙar rijiya. Ya murza ƙasar a hannu ya ce, "Kwana uku." Ya haƙa rami a kowane gefen titi, ya shiga ɗaya, ya kwanta a kan haƙarƙari da gajeren dagi. Tireloli na wucewa a samansa, ƙasa na zubo masa a baya, waya mai wuta na taƙi ɗaya daga kafaɗarsa. A cikin duhun nan ba ya ganin gabas ko yamma, don haka ya sa mata su riƙa daka turmi ba komai a cikin ramin ƙetare, shi kuma yana bin ƙarar. A rana ta uku bakin daginsa ya ɓullo daidai gindin turmin. Jama'a suka yi kabbara. Shi ya leƙo ya ce, "Akwai ruwan sha?"

A rana ta goma sha biyu an ja waya, saura haɗi na ƙarshe, hadari kuma ya haɗu a gabas. Mai haɗin wata mace ce, Zulai. Al'adarta ba ta haɗa waya sai ta shafa ta da tafin hannu daga farko har ƙarshe, ko da ana yi mata dariya. A bakin titi hannunta ya tsaya. Dutse ya yanki bawon wayar, yankan bai fi farce ba. Shugaban ya ce, "Zulai, naɗe shi kawai mu binne. Ba ki ga sama ba?" Ta ce, "Oga, in na naɗe, kafin kaka za ka dawo ka tono ta. Ba zan sa hannuna ba." Ya ce, "Ruwa zai ci mu!" Ta ce, "To riƙe min tampol." Ta yanke wurin ta sake haɗi. Aiki ne da ɗigon ruwa ɗaya ke ɓata shi. Ruwa ya tsuge, maza takwas suka riƙe tampol, har da Mai'unguwa da babbar rigarsa, wasu na tare bakin rami da ƙasa. Awa huɗu tana durƙushe ba ta ɗaga kai ba. Bayan la'asar ta miƙe ta ce, "A ba ta wuta."

Aka ba ta. Injin burtsatse ya yi tari sau biyu, ruwa ya feso daga famfo goma a lokaci ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa, aka watsar da ruwan kududdufi daga randuna. Daminar nan kaf wuta ba ta ƙifta ba, kuma ba a kwantar da yaro ko ɗaya ba. Sababbin alamomin kankare kuwa masu tsini aka yi su, kowa ya nemi wurin alwalarsa.

Mai'unguwa ya tara dattawa ya ce layin da wayar ta bi za a sa masa sunan mutum ɗaya. Allo ɗaya ne, suna ɗaya zai ɗauka. Nan gardama ta tashi.

Wasu suka ce ba don Gwaggo Ladidi ba, da ba a san inda za a sa diga ba, da waya ta hau mota. Wasu suka ce ba don Mantau ya sa ransa a ƙarƙashin kwalta ba, da layin tokar Gwaggo ya ƙare a bakin titi. Wasu suka ce ba don tafin hannun Zulai ba, da an binne ruɓaɓɓen aiki, da wahalar su biyun ta bi ruwan damina.

Har yau allon yana jingine a zauren Mai'unguwa, an shafa masa fenti, ba rubutu. To, ku da kuka ji: Gwaggo Ladidi, ko Mantau, ko Zulai, sunan wa za a rubuta?